Layin Wuyan Gafiyar Kogo

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau da yawa nakan fara, in kai rabi, in goge. Wani lokaci tsoron da nake ji shi ne kada in faɗi abin da ba daidai ba a kan addini, ni da karatuna bai wuce allo da firamare ba. Wani lokaci kuma tsoron kada mai labarin ya ji na buɗe abin da ya fi so a rufe. Waɗanda suka san ni sun san halina. Ni ne mutumin da zai kulle shago, ya kai bakin titi, ya dawo ya sake jan kwaɗon ƙofa ya ji ko ya kama. Amma shekaru suna tafiya, kuma akwai abin da nake nema a wurinku, don haka ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, sai wane da wane ke riƙe ta, ina da ɗan shagon fenti a Sabon Gari, ta wajen Chikaji. Aikina rubuta allunan shaguna. Ina rubuta haruffa, ina zana takalmi, keken ɗinki, kwalba, tayar mota. Abin da ba na zanawa shi ne mai rai. Na taso da jin cewa akwai tambaya a kan hakan gobe kiyama, ni kuwa abin da bai kai wannan ba ma yana hana ni sukuni. Masu aski sun sha fita daga shagona ransu a ɓace, don su kawunan mutane suke so a jikin allo, ni kuma almakashi da mataji kawai nake ba su.

A nan na haɗu da abokina. Ya zo ne in rubuta wa mahaifiyarsa allo, tana sayar da doya da manja a kasuwa. Ɗalibi ne a jami'a, yana karatun dabbobi, suna zaune a gidan haya a Samaru. Kirista ne, iyayensa mutanen kudancin Kaduna, amma a Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ranar farko yana shigowa ya yi tuntuɓe da gwangwanin fenti da ke gefen ƙofa, ya yi ta ba ni haƙuri. Na ɗauka rawar kai ce irin ta 'yan makaranta. Yana kirana Malam, ni kuma na laƙaba masa Farfesa, saboda ba ka tambayarsa abu ya ba ka amsa gajera.

Bayan an gama allon bai daina zuwa ba. Wata rana da la'asar yana zaune a kan benci yana kallona ina wanke buroshi da kananzir, sai ya ce, “Malam, ina so in nuna maka halittuna.”

Na ajiye buroshin. Na ce, “A'uzubillahi. Halittun wa?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce, “Yi haƙuri, bakina ne. Ni ma ranar Lahadi a coci za ka same ni. Ko ƙuda ban taɓa halitta ba. Lissafi ne kawai nake yi a kaina tun ina sakandare.”

Sai ya bayyana mini. Ya ce da a ce wani babban yanki na ƙasar nan ya ɓalle, teku ta raba shi da mu, ya tafi can ya zama nahiya mai zaman kanta. Da a ce babu mutum ko ɗaya a kansa, babu shanu, babu zaki, sai 'yan ƙananan abubuwan da tafiyar ta rutsa da su: zabi, jemagu, kwaɗi da gafiyoyi. Da a ce an bar su can tsawon zamanin da ba ya ƙirguwa, ga ciyawa ba mai ci, ga itatuwa ba mai hawa. Jikokin jikokinsu yaya za su koma?

Yana da wani suna na Turanci da ya sa wa nahiyar, na kasa riƙewa. Tun da kowace magana tasa da “da a ce” take farawa, sai na riƙa ce mata Da'ace. Sunan ya yi masa daɗi, ya jefar da nasa. Ni ma ya kwantar mini da hankali, domin duk lokacin da na faɗe shi ina tuna wa kaina cewa ba mu ce akwai ta ba.

Abin da yake so a wurina shi ne in zana masa ita da fenti a babban allon katako. Ya ce zanen fensirin da ya yi shekara da shekaru ya fara yi masa dishi-dishi, yana buƙatar launi mai ƙarfi. Na ce ƙasa zan zana, da koguna, da duwatsu, da itatuwa. Dabbobi kam ya nemi wani.

Ya ce, “To, mu fara da ƙasar.”

Aka jingine allon a barandar gidansu. Duk Asabar in na tashi aiki da rana sai in hau bas zuwa Samaru da gwangwanayena a jaka. Yana faɗa ina zanawa, kuma ba ya yarda a sa komai don kyau kawai. Na so in sa kurmi a arewa don wurin ya yi mini fari da yawa, ya ce a'a, duwatsun tsakiya suna tare hadari, bayansu dole ya bushe. Na so kogi ya bi ta inda hannuna ya fi sauƙi, ya ce, “Malam, ka taɓa ganin ruwa ya hau tudu?” Haka muka yi har ƙasar ta kammala, kore a kudu, ja a arewa, fadama a gabas, da wani baƙin bakin kogo a gindin duwatsu wanda ya ce in bar shi haka tukuna.

Ranar da na gama, ya tsaya a gaban allon yana juya kansa a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai haska tocila. Ya ce, “Ta yi kyau ƙwarai. Shiru ne kawai ya yi mata yawa.”

Zan fita, mahaifiyarsa ta biyo ni har bakin ƙofar gida. Ta ce, “Ɗana, ya gaya maka maganar idonsa?”

Na ce, “Ya dai ce yana ɗan ba shi matsala, Mama.”

Ta ce sun je asibitin ido a Kaduna ba sau ɗaya ba. Jijiyar idon ce take mutuwa, daga gefe take cinyewa zuwa tsakiya. Yanzu yana gani ne kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Ana ɗiga magani, amma likitoci ba su sa rai zai kai wata damina da gani ba. Ta ce, “Ban ce ka saɓa wa addininka ba. Na faɗa maka ne don ka san abin da yake ƙoƙarin gani kafin lokacin.”

A cikin bas har Sabon Gari, gwangwanin da ya yi tuntuɓe da shi ranar farko kawai nake tunawa.

Wannan makon ban san yadda na yi shi ba. In na ce zan zana, sai in ji tsoron Allah. In na ce ba zan zana ba, sai in ga mutum a tsaye gaban ƙasar da babu kowa a cikinta har duhu ya rufe masa ita. Na tambayi malami ɗaya, ya ba ni amsa. Don in tabbatar na tambayi na biyu, ya ba ni wata daban. Na dawo gida da damuwa biyu maimakon ɗaya. Mahaifiyata ta ga tuwo yana komawa yadda ta kawo shi, ta matsa mini har na faɗa mata.

Ta ce, “Kai ka manta da marigayi maigidanka da ya koya maka aikin? Ba shi ya zana wa mai kajin bakin tasha zakara ba?”

Sai na tuna. Ya zana zakaran, sannan ya ɗauki siririn buroshi ya ja layi ya ratsa wuyansa. Ya ce mini abin da aka raba kansa da jikinsa ba mai rai ba ne. Ina roƙonku kada wani ya ɗauki wannan a matsayin fatawa daga bakina. Ni ba malami ba ne, kuma na san akwai waɗanda ba su yarda da hakan ba. Abin da na gani a wurin dattijon da na yarda da tsoron Allahnsa ne, shi na kama.

Da zabuwa muka fara. A Da'ace, zabin da suka fi tsawon wuya su suka riƙa kaiwa ga ganyen da sauran ba sa kaiwa, su suka ƙoshi, su suka bar 'ya'ya, har aka wayi gari jikokinsu sun kusa kai raƙumin dawa tsawo, fukafukan sun zama kamar mafici don babu abin da zai ɗaga wannan nauyi. Na zana zabuwar da ɗigo-ɗigonta farare. Sannan na ja mata baƙin layi a wuya.

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa fentin. Ya daɗe yana kallo daga ƙafa zuwa kai. Sai ya tsaya.

“Mene ne wannan?”

Na faɗa masa gaskiya, ina jiran ya ji haushi.

Ya ce, “Wato ka yanka mini ita tun ba ta ci ko ganye ɗaya ba?”

Na ce, “In ba haka ba, Farfesa, ba zan iya ba.”

“Duka za ka yi musu?”

“Duka.”

Ya sake kallon layin. Daga baya ya ce, “To shi ke nan. Amma a Da'ace babu abin da ke zama a jikin dabba babu dalili. Ka ba ni zuwa Asabar.”

Asabar na zo na same shi yana jirana a bakin ƙofa. Ya ce ya gano. A nahiyar akwai wata igiyar daji da take rataye daga rassan itatuwa, ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, don haka da nama take rayuwa. In dabba ta ratsa ta ƙarƙashinta sai ta naɗe wuyanta ta shaƙe. Dabbobin da fatar wuyansu ta ɗan fi tauri su ke kuɓuta, su ke haihuwa. A hankali sai kowane jinsi ya wayi gari da zobe mai tauri a wuya, baƙi kamar ƙaho, ko da yake ba dangin juna ba ne. Ya ce, “Ka ga, ba yanka ba ne. Sulke ne.”

Na ce, “A wurinka sulke, a wurina yanka.”

Ya ce, “Kowa ya riƙe nasa.”

Sai da na koma na bi kurmin nan duka ina rataya igiyoyi. Kuma igiyar ta jawo wasu abubuwan. Jemagen da ya daina tashi, wanda yake tafiya a kan fukafukansa a naɗe kamar mai dogara sanda, ya zama mai zama kusa da ita yana jiran abin da ta shaƙe ya ƙwace. Zabin arewa inda babu itatuwa, zobensu siriri ne, saura ne daga kakanni. Kullum tambayoyinsa uku ne a kan kowace dabba: me take ci, me ke cin ta, ina take ajiye 'ya'yanta. In ba a amsa su ba, ba a zanawa.

Kwaɗon fadama ne ya ba ni wahala. Ya kai saniya girma, yana kiwo a cikin ruwa, kuma ba shi da wuya ko kaɗan, kai ne a manne da jiki. Na tsaya da buroshi a hannu ina gumi, ban san inda zan ja layi ba. Na gwada nan, na ga kamar ya yi sama. Na gwada can, na ga kamar kafaɗa na yanka.

Ya ce, “Malam, kai da kwaɗo ba ku taɓa rabuwa lafiya ba. Na ƙofar shagonka ma sai ka koma ka duba shi.”

Mahaifiyarsa tana jin mu daga ɗakin girki, ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta an jima.

Ana haka bututun yana tsukewa. Ya daina zuwa makaranta. Da farko dabba guda yake gani a lokaci ɗaya, sai ya koma rabin dabba, sai ya koma launi kawai. Wata Asabar na shigo na tarar da shi yana bin allon da yatsu, yana tsayawa nan da can yana kiran sunayensu daidai. Na yi mamaki, domin fenti a kan katako sumul yake. Ya kama hannuna ya ɗora a wuyan zabuwa. Layin ya yi tudu. Abin da ya faru shi ne, ni ba na yarda da layi ɗaya. Duk zuwan da na yi sai in ga kamar na wancan makon bai fito sosai ba, in sake bi ta kansa, in sake. Fenti ya hau kan fenti har ya tashi.

Ya ce, “Waswasinka ya yi rana, Malam. Da shi nake gane inda kowa yake.”

Daga ranar na riƙa kwaɓa fentin layin da yashi mai laushi, na bi tsofaffin ma na ƙara musu.

Baƙin kogon nan ne ya rage. Ranar da muka zo kansa, damina ta fara, yana zaune a kujera fuskarsa tana kallon wajen da hasken yake. Mahaifiyarsa tana gefe tana tsince wake a faranti. Ya ce gafiya ce. Kakanninta sun gudu cikin kogo saboda jemagun ƙasa, suka yi nisa har inda rana ba ta kaiwa. A can ido ba ya amfanin komai, sai dai ya ci abincin jiki a banza, ya kuma kwashi ciwo. Don haka a hankali ya ƙanƙance, fata ta rufe shi. Ya ce in yi ta fara fat, da manyan kunnuwa, da gashin baki dogaye har sun fi jikinta, da tafin hannu mai laushi. Yana faɗa muryarsa ba ta canja ba, kamar yadda ya faɗi na kwaɗo. Amma na ji ƙarar waken ta tsaya.

Na zana ta. Fuska ce babu ido, ban taɓa yin aikin da ya yi mini nauyi kamarsa ba. Da na ce masa na gama jikin, ya ji ina buɗe gwangwanin baƙin fenti, sai ya ce, “Wannan ba sai ka yanka ta ba, Malam. Babu igiya a cikin kogo. Kuma ai ba cikakkiya ba ce. An riga an rage mata.”

Na tsaya. Ni a aikina takalmi ba a ja masa layi. Kwalba ba a ja mata. Abin da ake ja wa layi shi ne wanda ya cika, wanda in ka kalle shi za ka ce wannan yana iya tashi ya tafi. In na bar ta haka, to na yarda da abin da ya faɗa ke nan, kuma na san ba a kan gafiya kaɗai yake magana ba.

Na kwaɓa yashin, na ja layin. Na jira ya ɗan sha iska, sannan na ɗora yatsansa a wurin.

Ya ce, “Ka yanka ta.”

Na ce, “Na yanka.”

“Me ya sa?”

Na ce, “Tana cin abinci?”

“Tana ci. Ƙwari da saiwoyi.”

“Akwai abin da take gudu?”

“Akwai.”

“Tana da inda take ajiye 'ya'yanta?”

Ya sake shafa layin.

Na ce, “To ni dai ina tsoron a tambaye ni a kanta kamar sauran.”

Yatsansa bai bar layin ba. Mahaifiyarsa ta tashi da farantin waken ta shiga ciki. Can ya ja numfashi ya ce, “Kai dai mugun mutum ne, Malam. Yanzu ka bar ni da aiki. Dabbar da ba ta taɓa ganin igiya ba, me zobe yake yi a wuyanta? Sai na nemo dalili.”

Na ce, “Ka ba kanka zuwa Asabar.”

Asabar ɗin nan bai samo ba, ta gaba ma haka. Sai mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, na tafi da ita ƙauyenmu, muka daɗe a can har Allah Ya ba ta sauƙi. Da na dawo na tafi Samaru, na tarar da wasu ɗalibai a ɗakin. Maƙwabciyarsu ta ce mahaifinsa ya ajiye aikin koyarwa, sun koma gida kudu. Ba ta riƙe sunan garin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, kuma babu mai waya a cikinmu. Ta ce an ɗaure allon a saman mota an lulluɓe shi da leda, shi da kansa ya bi igiyoyin da hannu ya tabbatar sun ɗauru. Har na juya sai ta kira ni.

Ta ce, “Kai ne mai fenti? Ya bar maka saƙo. Ya ce a gaya maka ya samo dalilin.”

Na ce, “Mene ne?”

Ta ce, “Iyakar abin da ya ce ke nan.”

Yau ba a rubuta alluna da hannu kamar da, na'ura ke bugawa, ni ma na koma fentin gidaje. Har yanzu ba na zana mai rai, kuma har yanzu in na tuna allon nan nakan yi istigfari, domin ban san yadda aka rubuta mini shi ba. Amma ban taɓa jin da na sani a kan layin ƙarshen ba. Na sha zama in gwada nemo dalilin da kaina. Na ce ko da zoben take jin motsin ƙasa, ko da shi 'ya'yanta ke gane ta a cikin duhu. Duk wanda na kawo sai in ji kamar zai ce, “Malam, ka taɓa ganin ruwa ya hau tudu?”

Ga roƙona. Idan akwai wanda ya san wani mutum a kudancin Kaduna, ko a wani wuri, wanda ba ya gani, ya yi karatun dabbobi a Samaru bai ƙarasa ba, Hausarsa ta Zariya ce, don Allah ya sanar da ni. Ko wanda ya taɓa ganin babban allon katako mai taswirar ƙasar da babu ita, da zabuwa mai dogon wuya, kowace dabba da layi mai kaushi a wuyanta. In kun same shi ba sai kun ba shi dogon bayani ba. Ku ce masa mai fenti ya samu saƙo, yana nan yana jiran dalilin.